Kada a zubar da sauran magani, shi ne shaidar da ɗakin gwaji ke nema

'Yan uwa 'yan kasuwa, maza da mata, masu rumfa da masu kasa kaya a ƙasa, masu fura da kunu da awara, da 'yan dakon da ke ɗauke mana nauyi. Yau muna so mu taɓo wata magana wadda kowa ya san da ita amma ba a cika son ɗaga ta ba, wato maganar mutanen da ke faɗuwa bayan sun sha maganin gargajiya ko wani haɗi da ya wuce ƙima, da yadda ake gane abin da ya kayar da su.

Duk wanda ya daɗe yana cin kasuwar Matamaye, ko ta Kance, ko ta Ɗan Barto a bakin iyaka, ya taɓa ganin irin wannan rana ko ya ji labarinta. Saurayi lafiyayye, da safe ya sauke buhuna daga mota, da azahar sai a gan shi yana tangaɗi, yana hira da mutanen da babu su, yana tsintar abin da babu a jikin rigarsa. Jiki ya yi zafi zau amma babu gumi ko ɗigo, baki ya bushe ƙamas, baƙin ido ya buɗe ya cika ido. Nan da nan an taru a kansa. Wannan ya ce iska ce, a kira malam. Wancan ya ce masassara ce ta hau masa kai. Can sai wata ta ce ai ɗazu ta gan shi yana shan kunu wajen wance. To, shi ke nan, an yanke wa wance hukunci ba alƙali ba shaida. Gobe ta ɗauko kununta ta mayar da shi gida yadda ta kawo shi, jibi ma haka, har jari ya karye, wani lokaci ma har ta kwana a hannun jandarma.

A daidai lokacin da ake wannan surutu, abokin yaron ya zare 'yar gorar da ke aljihunsa ya jefa ta a kwata don kada asiri ya tonu. Idan kuwa a gida abin ya faru, uwa ta yi maza ta zubar da sauran jiƙon, ta wanke tukunya tas, ta binne aman da ƙasa, don tsoron kada a ce ita ta jawo. Da hannunmu muke ɓatar da abu ɗaya tak da zai iya faɗin gaskiya. Ra'ayinmu shi ne, muddin ba a kai sauran abin da aka sha ɗakin gwaji ba, to jita-jita ce za ta ci gaba da yi mana shari'a, kuma mai ƙaramin ƙarfi a kasuwa shi ne kullum zai biya kuɗin.

Bari mu fara da abin da ke cikin ganyen. Itatuwa da ciyayi da yawa suna ɗauke da wasu sinadarai masu ɗaci da ƙarfi, waɗanda masana ke kira alkaloyid. Mun daɗe muna tare da su ba mu san sunansu ba. Abin da ke hana barci a cikin goro yana cikinsu, abin da ke kama mai shan taba yana cikinsu, haka kinin, maganin masassara da wasu masana biyu 'yan Faransa suka tsamo daga ɓawon wani itacen Kudancin Amurka a 1820. Saboda haka ba mu ce ganye banza ba ne. Ƙarfinsa gaskiya ne, kuma wannan ƙarfin shi ne haɗarin, domin duk abin da kaɗan ɗinsa ke warkarwa, to da yawansa yana iya kisa.

Wanda ya fi damun mu a nan shi ne zaƙami, wanda wasu ke kira haukata yaro, wasu babba jiji. Kowa ya san shi, yana fitowa a juji da kangaye da bakin gari, da farin furensa mai kama da kakaki da 'ya'yansa masu ƙaya cike da iri. A cikinsa akwai sinadarai biyu da likitoci suka sani sarai, atirofin da sikofolamin, kuma irin ne ya fi kowane sashe ɗauke da su. Su ne ke busar da yawu da gumi, su buɗe baƙin ido, su sa zuciya gudu, su riƙe fitsari, su juya hankali. Magabata sun yi amfani da hayaƙin ganyen don fuka, kuma har a Turai an daɗe ana sayar da sigarin masu fuka da aka yi da wannan ganye a shagunan magani. Amma yau ana zuba shi a shayi da haɗe-haɗen ƙarin ƙarfi, wasu don neman kuzarin aiki, wasu don maye kawai. A 2023 jaridun Najeriya sun ba da labarin wani biki a unguwar Sheka ta Kano inda samari suka sha shayin da aka ce an haɗa da zaƙami, wasu suka rasu, wasu aka kwantar. Hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Daura ta shigo Matamaye kan ta wuce Damagaram, kaya ke bin ta kullum, kuma ɗabi'u ma suna bin ta. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin darajar awo. Ba mu sayen gero sai da tiya, ba mu karɓar zinariya sai da sikeli, wanda ya rage mana tiya ko da ɗan yatsa ne sai mun yi rigima da shi. Amma idan an zo maganar abin da za mu zuba a cikinmu, sai mu yarda da "ɗebi da yatsa uku" ko "cika murfin gora". Allurar atirofin da ke likita, 'yar kwalbarta yawanci ba ta wuce miligiram 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na giram, kuma likita yana lissafa ta da nauyin jikin yaro. Shi kuwa zaƙami, ƙarfinsa yana bambanta daga tushe zuwa tushe, daga damina zuwa rani, daga ganye zuwa iri. Yatsa ukun da suka yi daidai jiya suna iya zama ninki da yawa yau, mai haɗawar ma bai sani ba. Ana cewa ido ba mudu ba ya san ƙima, amma a wannan fage ido bai san komai ba.

Wani zai ce, to likita ba ya ganewa da idonsa? Sau da yawa yana ganewa, kuma ba ya jiran sakamako kafin ya fara ceto. Zai sanyaya jiki, ya yi ƙarin ruwa, ya ba da allurar kwantar da hankali, ya sa robar fitsari idan mara ta cika. Amma ku duba matsalarsa. Zafin jiki da fita hayyaci alamun masassarar da ta hau kai ne, alamun sanƙarau ne, kuma alamun zaƙami ne. A ƙasarmu da masassara ta zama ruwan dare, ana iya gwada jinin mutum a ga ƙwayoyinta, alhali ba su suka kayar da shi ba. Idan dangi suka ɓoye cewa ya sha wani abu, sai likita ya bi hanyar da ba ta kaiwa.

Ga wani misali da ke nuna muhimmancin sanin gubar da sunanta. Wanda ya sha fiya-fiya, maganin ƙwarin nan da ake sayarwa a 'yan kwalabe, alamunsa kishiyar na zaƙami ne: yawu na zuba, gumi na tsiyaya, baƙin ido ya tsuke kamar kan allura. Maganin da ke ceton ransa shi ne atirofin, wato sinadarin da ke cikin zaƙami. Wanda kuma zaƙami ya kayar, aka yi kuskure aka ƙara masa atirofin, an zuba wa wuta fetur. Makarin gubar zaƙami, wanda ake kira fisostigmin, shi ma daga tsiro ya fito, wani wake na yankin Kalaba a kudancin Najeriya, kuma tun 1864 aka tsamo sinadarin daga cikinsa. Abu guda, a nan magani, a can ajali. Bambancin yana ga sanin abin da aka sha da kuma yawansa.

Ba yau aka fara gano gubar tsiro a jikin mutum ba. A 1850 a ƙasar Beljiyam, wani basarake mai suna Bocarmé ya kashe ɗan uwan matarsa don cin gado, da ruwan nikotin da ya tace daga ganyen taba. A lokacin an ɗauka cewa gubar tsiro ba ta barin sawu, ba kamar gubar ma'adini ba. Sai wani masani mai suna Jean Stas ya zauna yana tacewa yana wankewa har ya fitar da nikotin ɗin daga kayan cikin mamacin, aka kai shaida kotu, aka zartar wa mai laifin hukuncin kisa a 1851. Hanyar da ya buɗe ita ce tushen aikin da ake yi har yau. Daga baya aka samo ruwan Dragendorff, wanda ke juyawa launin ruwan goro idan ya haɗu da alkaloyid, da gwajin Vitali, wanda ke ba da launin shunayya idan akwai atirofin ko danginsa. Har da kyanwa an yi aiki: a ɗiga mata tataccen abin da ake zargi a ido ɗaya, idan baƙin ya buɗe ya ƙi tsukewa ko a cikin haske, to akwai alamar gubar. Wannan fa fiye da shekara 100 ke nan. Ashe abin da muke nema ba tsafi ba ne kuma ba sabon abu ba ne.

A yau aikin hawa biyu ne. Hawa na farko mai sauƙi ne kuma mai araha. Ana tace abin da aka kawo, a ɗiga ɗigo a gindin wani ɗan faranti da aka shafe da farar hoda, a tsayar da shi a cikin wani ruwa. Ruwan ya riƙa hawa kamar yadda kananzir ke hawan lagwani, yana jan sinadaran, kowanne ya tsaya a inda nauyinsa da halinsa suka tsayar da shi. Sai a fesa ruwan Dragendorff, tabo ya fito, a gwada shi da tabon atirofin na ainihi da aka ɗiga a gefe. Wannan ya fi dacewa da sauran jiƙo ko gari, inda gubar take da yawa. Hawa na biyu shi ne na manyan na'urori masu raba sinadarai ɗaya bayan ɗaya sannan su auna nauyin kowane. Atirofin nauyinsa 289 ne a wannan sikeli, sikofolamin 303, kuma kowanne yana farfashewa ta hanyar da ta keɓanta da shi, kamar zanen yatsa. Irin wannan na'ura tana ganin gubar a fitsari ko jini ko da ta yi ƙanƙantar da hankali ba zai ɗauka ba, ta kuma faɗi yawanta.

Abu biyu ya kamata mu riƙe a nan. Na farko, 'yan tsinkayen gwajin fitsari na gaggawa an yi su ne don wasu ƙwayoyi sanannu kamar wiwi da hodar iblis da tiramol, ba su ganin zaƙami. Don haka idan an ce gwajin bai nuna komai ba, ba a wanke gorar ba tukuna. Na biyu, jiki ba ya ajiye shaida. Cikin 'yan awoyi rabin atirofin ɗin da ke jini ya tafi, kuma mafi yawan abin da zai fita ta fitsari yana fita ne a kwanan farko. Wanda aka ajiye a gida kwana uku ana tofi da hayaƙi kafin a kai shi likita, an rasa lokacin ceto kuma an rasa lokacin shaida.

Kada masu hatsi su ce wannan magana ta masu magani ce, babu ruwansu. A watan Maris na 2019, a yankin Karamoja na ƙasar Uganda, mutane kimanin 300 suka kwanta, 5 suka rasu, bayan sun sha kunun garin masara da waken suya da hukumar abinci ta duniya, PAM, ta raba. Aka dakatar da rabon, aka aika samfur ɗakunan gwaji na ƙasashe daban-daban, har masana a Amurka suka gano atirofin da sikofolamin a cikin garin. Bincike ya nuna cewa irin zaƙami ne ya cuɗe da waken tun kafin niƙa. Babu maƙiyi, babu sammu, ciyawa ce ta fito a gona aka girbe ta tare da amfani. Ba don gwaji ba da har yau ana nuna wa juna yatsa. Mai awara da ke sayen waken suya, da mai fura da ke sayen gero, ku ga yadda abin ya zo ƙofar rumfarku.

Saboda irin wannan ne Tarayyar Turai ta sa doka, wadda ta fara aiki a 2022, cewa gero da dawa da za a sayar a kasuwanninta kada waɗannan sinadarai biyu su wuce maikirogiram 5 a kilo ɗaya. A lissafinmu na kasuwa, miligiram 5 ke nan a cikin buhu 10 masu kilo 100. Babu ɗan kasuwar da zai ga wannan da ido ko ya ji shi a harshe. Duk mai burin kai hatsi nesa wata rana, takardar ɗakin gwaji za a tambaye shi, rantsuwa ba za ta wadatar ba.

Akwai kuma gubar da ba ta kayar da mutum a kasuwa, sai dai ta ci shi a hankali. Wasu ciyayi, irin dangin kalkashin korama da na biya rana, suna ɗauke da wani jinsin alkaloyid mai toshe ƙananan hanyoyin jini na hanta. Mai sha yau da gobe ba ya jin komai, sai bayan makonni ko watanni ciki ya kumbura da ruwa. A yammacin Afganistan, a tsakiyar shekarun 1970, irin wata ciyawa ta wannan dangi ya cuɗe da alkama a lokacin fari, mutane dubbai suka kamu, kimanin 1,600 suka rasu. A wurinmu, wanda cikinsa ya kumbura haka, wa zai tuna da jiƙon da yake sha tun damina? Kishiya za a tuna.

Mun san akwai masu ja da mu, kuma maganarsu abin saurara ce. Wasu za su ce ana so a kashe maganin gargajiya ne, gadon iyaye da kakanni, wanda talaka ke samu a jikka ɗaya ko ƙasa da haka lokacin da takardar farmasi ta fi ƙarfinsa. Amsarmu ita ce, gwaji abokin mai magani na gaskiya ne. Wanda ya gaji sana'a, ya san itacensa, ya san ƙimarsa, shi ke shan kunya idan wani ɗan ci-rani ya zo da mota da lasifika ya sayar da ruwa mai launi a gora ba suna ba adireshi, kasuwa ta watse ya ɓace. Wake ɗaya ke ɓata gari. A ƙasashe da dama gwaji ya sha tona cewa wasu haɗe-haɗen da ake kira na gargajiya an daka ƙwayoyin farmasi ne a ciki. Tun 2003 ƙasashen Afirka ke bikin ranar maganin gargajiya kowace 31 ga Agusta, kuma babu karramawar da ta fi a raba mai sana'a da mai damfara.

Wasu za su ce, ina amfanin sakamakon da zai zo bayan mara lafiya ya warke ko an yi masa sutura? Gaskiya ne, sau da yawa sakamakon ba zai riski wanda ya faɗi ba. Amma gorar da ya sha ba ita kaɗai aka cika daga wannan tukunya ba. Akwai wasu a aljihun wasu samari, akwai wasu da za a kai kasuwa ta gaba. Sakamakon shi ne zai sa a janye su, shi ne zai mayar wa mai kunu da masu sayenta, shi ne zai sa likita ya gane na biyu da na uku tun daga ƙofa. Wasu kuma za su ce kwana ne ya ƙare. Babu mai musun ƙaddara, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi sannan mu dogara, kuma an hana mu zato a kan bayin Allah. Ga wanda ke tsoron a taɓa gawa, mu sani cewa wannan gwaji yawanci ba ya buƙatar haka. Sauran abin sha, da amai, da fitsari ko jinin da aka ɗiba mutum na da rai sun isa.

Saura maganar kuɗi da nisa. Babu mai cewa a kawo na'urar miliyoyi a ajiye a kowane ƙauye. Daga Matamaye zuwa Damagaram bai kai kilomita 100 ba, kuma can akwai babban asibitin ƙasa da jami'a mai koyar da aikin likita. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, kuma can akwai LANSPEX, ɗakin gwajin ƙasa mai duba ingancin magunguna da abinci da ruwa. Hanyar da samfur ke bi ma an riga an share ta. Lokacin da sanƙarau ya ɓarke a jihar Damagaram daga Nuwamba 2022 zuwa Janairu 2023, hukumar lafiya ta duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu da 18 da suka rasu, har da na gundumarmu, kuma gwaji ne ya faɗi irin ƙwayar cutar, aka san rigakafin da za a kawo. Haka aka yi da mashaƙo a 2023. Akwatin sanyin da ke ɗaukar samfurin annoba ba zai ƙi ɗaukar 'yar kwalbar fitsari da ƙullin gari ba.

Don haka muna kira ga ma'aikatar lafiya da hukumomin jiha da na gunduma da su yi abu huɗu. Na ɗaya, kowace likita, tun daga CSI, ta samu kwalabe masu tsabta da takardar cikewa, a kuma umarci ma'aikata su ɗibi samfur daga duk wanda ake zaton ya sha guba, a rubuta suna da rana da awa, a sa a sanyi. Na biyu, a samar da gwajin hawa na farko a Damagaram, a bar na tabbatarwa ga Yamai. Na uku, a sa lambar waya ɗaya da majo zai kira dare ko rana ya samu masanin guba. Maroko tana da irin wannan cibiya a Rabat, Senegal tana da tata a Dakar, ko da yake hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2023 ƙasashen da ke da ita ba su kai rabin ƙasashen duniya ba. Na huɗu, kuma shi ne ya fi damun mu, sakamako ya dawo. A faɗa wa dangi, a faɗa wa sarkin kasuwa, a sanar a rediyon gari. Takardar da ta kwana a cikin durowa ba ta wanke kowa ba.

Mu ma akwai namu nauyin, kuma namu ne na farko, domin na'ura ba ta gwada abin da aka zubar. Idan mutum ya faɗi, a kai shi likita nan take. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan tsamiya, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa yana iya shaƙewa abin ya tafi huhu. Kada a ɗaure shi a rana, kada a doke shi. A sassauta masa tufafi, a shafa masa ruwa, a kwantar da shi a gefensa. A tafi da gorar, da ƙullin garin, da ganyen ko saiwar, da tukunyar ba a wanke ba, da aman a cikin leda mai tsabta. A faɗa wa likita gaskiya: me ya sha, yaushe, nawa, a ina aka saya, wa kuma ya sha tare da shi. Uwa, faɗin gaskiya ba tona asirinki ba ne, ceton ɗanki ne.

Masu sayar da abin ci da abin sha, idan aka zarge ku kada ku gudu kuma kada ku zubar da kayanku. Ku ɗebi kaɗan a gaban shaidu, ku rufe, ku ce a kai a gwada. Mai gaskiya shi ya kamata ya fara neman gwaji. Masu hatsi da masu surfe, a tankaɗe, a tsince, duk baƙon irin da ba a sani ba a fitar da shi, manoma kuma su tuge zaƙami daga gona da masussuka kafin girbi. Masu maganin gargajiya, ku rubuta sunanku da garinku da abin da ke ciki a jikin kowace gora, ku kuma hana wanda ba ku sani ba ya ɓata muku suna. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyinmu, ku san duk mai shigowa da magani, daga ina yake, ina za a same shi idan wani abu ya taso. Ba a fafe gora ranar tafiya, a zauna a tsara wannan tun kafin wani ya sake faɗuwa.

Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle idan bai zama ba. Mun ga matan da suka bar sana'a, mun ga gidajen da suka rabu, a kan abin da ɗigon fitsari zai iya warwarewa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kare mu daga cutar da wani da hannunmu ko da bakinmu, ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.